Tambaya da Amsa: Maganin da aka rubuta wa "humanized", daga jikin mutum aka ciro shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An rubuta wa yayata maganin sankarar mama mai suna trastuzumab. A takardar cikin kwalin na ga kalmar "humanized", wani kuma ya ce mana wai da jinin mutane ake haɗa shi. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Yaya lafiya. Babu jinin kowa a cikinsa. Abin da kalmar ke nufi a harkar magani shi ne an gyara sinadarin har ya yi kama da wanda jikin ɗan Adam ke yi da kansa.

Irin waɗannan magunguna furotin ne na garkuwar jiki. A 1975 masana kimiyya biyu, Köhler da Milstein, suka gano hanyar samar da su daga ƙwayoyin halittar ɓera a Ingila. Matsalar ita ce jikin mutum yana ganin furotin ɓera baƙo ne, sai ya tashi yaƙarsa: zazzaɓi, ƙuraje, kuma maganin ya daina aiki bayan an maimaita shi. A 1986 wani masanin, Greg Winter, ya ɗauko ɗan bakin da ke cafke cutar kaɗai daga na ɓera, ya dasa a kan gangar na mutum. Sama da kashi 90 cikin ɗari na sinadarin ya zama irin namu. Ana kuma noma shi ne a manyan tankuna, cikin ƙwayoyin halittar wata dabba dangin ɓera, sannan a tace.

A tsofaffin sunaye ƙarshen kalma na nuna wannan: "zumab" wanda aka gyara haka, "ximab" mai ragowar ɓera da yawa kamar rituximab, "umab" kuwa samfurin mutum zalla.

Amma abin da ya fi damunmu ba sunan ba ne, ajiya ce. Zafi yana lalata furotin, kin kuma san ranar Gombe a watan Maris. A ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, kada a girgiza kwalbar. In wuta ba ta tsayawa a gida, gara a bar shi a firjin asibiti. Wajen ɗaukowa a sa shi cikin kula mai ƙanƙara, a naɗe ƙanƙarar da tsumma don kada ta taɓa kwalbar.

A ruwan gishiri na asibiti ake tsarma shi, ban da ruwan sukari, domin yana sa shi dunƙulewa. Mai karɓa duk mako uku ana fara mata da miligiram 8 kan kowane kilo na nauyinta, cikin minti 90, daga baya a koma miligiram 6 kan kowane kilo. Yana iya raunana zuciya, shi ya sa ake hoton zuciya kafin a fara, a riƙa maimaitawa kusan duk wata uku. Ki tambayi likita ko gwajin ƙarin ya nuna yawan HER2, wato furotin da maganin ke cafkewa a jikin ƙwayoyin sankarar, don masu yawansa kaɗai maganin ke yi wa amfani.