Kafin ka ci bashin magani, tumɓuke shuka guda ka duba saiwarta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina renon tumatir da tattasai a tire cikin rumfar raga a wajen Kura, ina sayar wa manoman rani. Bana na zuba tire 300. Sati biyu ke nan wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe sun cika rumfar, kuma tire kusan 60 sun yi ɗorawa sun ƙi girma duk da na ƙara musu taki. Ɗana ya nuna mini bidiyon masu noman wiwi a Amurka da Kanada suna fama da irin wannan, ya ce mu yi odar magungunansu. Zan ranto Naira 300,000. Tire guda Naira 4,000 nake sayarwa, wasu ma sun ba ni kafin alƙalami. In ci bashin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi, ya mayar da alheri.

Kada ka ci bashin nan yanzu. Tire 60 a kan Naira 4,000 ya kama Naira 240,000, wato ko da duka za su warke ka sayar, kuɗinsu bai kai abin da za ka ranto ba. Dukiyar da ya kamata ka tsare ita ce tire 240 da suka rage, da kuma sunanka a bakin manoma. Ga shi har yanzu ba mu san wane ƙwaro ne ke yi maka ɓarnar ba, kuma abin da ya fi damuna ke nan, domin ƙwari biyu ne suke kama da juna a ido, maganin ɗaya kuma ba lallai ya yi aiki a kan ɗayan ba.

Na farko shi ne ƙudan danshi. Ɗan ƙarami ne baƙi, mai dogayen ƙafafu kamar sauro, ba ya tashi da nisa, yana yawan gudu a saman ƙasar tire. Babban ƙudan ba ya cin shuka, kwana bakwai zuwa goma ne ma rayuwarsa, amma macen kan zuba ƙwai har kusan 200 a ƙasa mai laima. Tsutsar da ke fitowa, fara mai baƙin kai, ita ke cin ruɓaɓɓen taki da ƙananan gashin saiwa, ta kuma buɗe ƙofa ga cutar da ke ruɓar da gindin shuka ta kwantar da ita. Daga ƙwai zuwa babban ƙuda sati uku zuwa huɗu ne, da zafi ma bai kai haka ba.

Na biyu darɓar saiwa ce. Darɓar da ka sani a ganyen wake, to wannan 'yar'uwarta ce da ke zama a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse ruwan saiwa. Wadda ta fi suna ita ce darɓar saiwar shinkafa, tana kama ciyayi da tumatir da tattasai ma. Ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye, 'ya'yan kuma cikin kwanaki kaɗan su fara tasu haihuwar. In sun cika wuri sai wasu su yi fiffike su tashi, a nan ne mutane ke ɗaukarsu ƙudan danshi. Maganar da ka yi cewa ka ƙara taki ɗorawar ba ta tafi ba ita ta sa nake zarginta, don saiwar da ake tsotsa ba ta iya jan taki ko an cika mata shi.

Gwajin da za ka yi bai kai kuɗin shayi ba. Zaro shuka goma daga tire masu ɗorawa, goma daga masu lafiya, ka kakkaɓe su a kan farar takarda a cikin haske. In ka ga ƙananan ƙwari masu ƙiba manne da saiwa, masu 'yan tsinke biyu a bayansu, darɓa ce. Kiyashi na yawan kai-komo a ƙarƙashin tire ma alama ce, zaƙin da darɓa ke fitarwa suke bi. Sannan ka yanka dankalin turawa fale-fale ka kifa a kan ƙasar wasu tire, bayan kwana biyu ko uku ka ɗaga. In tsutsar ƙudan danshi na nan za ka same ta a jikinsa. Ka rataya katin gam mai ruwan ɗorawa dab da saman tire, ka riƙa ƙirga abin da ya kama kowane sati kana rubutawa, da shi za ka san ko aikinka na ci.

In ƙudan danshi ne kaɗai, ka gode wa Allah, mafi yawan maganinsa a hannun mai ban ruwa yake. Tsutsar a saman ƙasa take zama, ba ta jure bushewa. A daina ban ruwa da yamma, a ba da da safe, kuma sai saman ƙasar ya sha iska kafin a sake. A ɗaga tire daga ƙasa a kan benci ko bulo, a kwashe gansakuka da ciyawar ƙarƙashi, a gyara duk inda ruwa ke kwanciya. Akwai maganin ƙwayar halitta da ake kira Bti, wanda ake kashe tsutsar sauro da shi, yana kashe wannan tsutsar ma in an zuba shi da ruwan ban ruwa sau biyu ko uku, sati-sati. Darɓa dai ko gezau ba ta yi da shi.

In darɓa ce, shawarata mai ɗaci ce: tire ɗin da ta cinye a fitar da su yau, a juye cikin buhu a ɗaure a kai nesa a ƙone ko a binne. Na san da ciwo, guminka ne a ciki. Amma shukar tumatir sati uku zuwa huɗu take yi a reno, sabon zubi zai riga wadda ake jinya isa dashe, kuma kowace rana da marasa lafiyar suka ƙara a rumfa masu fiffike na ƙaura zuwa sauran. Tire ɗin da ke maƙwabtaka da su a ware su gefe guda. A nan ne kuɗin magani zai shigo, kaɗan ba dubu ɗari uku ba. Je wurin malamin gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, da samfurin saiwar a kwalba, ya zaɓa maka maganin darɓa da ake zubawa a ƙasa, mai lambar NAFDAC, ka bi awon da ke jikin kwalin. Jiƙon 'ya'yan darbejiya ma yana rage ta, sai dai ka fara gwadawa a tire guda don ƙaramar shuka ba ta da juriya.

Batun bidiyon da yaronka ya gani, bayanin ƙwarin da suke yi gaskiya ne, kuma ya kyauta da ya bincika. Lissafinsu ne ba naka ba. Kanada ta halatta wiwi a Oktoban 2018, masu lasisi a can ana gwada amfaninsu don a tabbatar ba ragowar guba, magungunan da aka yarje musu kuma ƙalilan ne. Shi ya sa suke sayen ƙwari masu cin ƙwari da wasu tsutsotsi masu rai da ido ba ya gani, masu tsada. Shukarsu guda na iya biyan wannan kuɗin, taka kuwa tire mai ramuka sama da 100 ne a Naira 4,000. Ga shi kayan masu rai ne, sai an ajiye su a firji, kuma tsutsar da suka fi amfani da ita ba ta aiki sosai in zafin ƙasa ya haura digiri 30. Kafin ta ƙetaro teku ta iso Kura ta gama wahala. A nan Najeriya kuma noman wiwi laifi ne da NDLEA ke kamawa a kai, don haka ilimin ƙwarin kawai za a ɗauka a bar sauran.

Sai masu kafin alƙalami. Kira su da kanka kafin labari ya je musu ta bakin wani. Ka ce wani sashe ya samu matsala ka zubar, wanda zai iya jiran sabon zubi ya jira, wanda lokacin dashensa ya matso ka ba shi daga masu lafiya ko ka mayar masa da kuɗinsa. Don Allah kada ka sayar da shuka mai darɓa a kan rangwame. Manoman Kura da Kadawa da Garun Malam ba su manta 2016 ba, lokacin da tsutsar tumatir ta share gonaki, kuma manomin da ya dasa kayanka ya ga gona ta tsaya cak zai faɗa wa duk wanda suke raba ruwa da shi.

In har za ka kashe kuɗi, sa shi a abin da zai hana dawowarsu. Kafin sabon zubi a jiƙa tire cikin ruwan bilic, mudu ɗaya na bilic cikin tara na ruwa, na minti 30, a ɗauraye. Ƙasar fadamar shinkafa da takin gida da bai gama ruɓa ba a daina zuba su kai tsaye. Na wannan zubin a turara ƙasar a cikin duro, na baɗi kuwa a jiƙa ta a rufe da farar leda mai haske sati huɗu zuwa shida a zafin ranar watan Maris da Afrilu. Ka aiko mini da abin da ka gani a kan farar takardar, da kuɗin iri da ƙasa da leburanci na tire guda, mu fitar da farashin sabon zubin tare.