Tambaya da Amsa: ALT ɗina yana daidai, hantata lafiya take?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An gano ina ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, amma duk lokacin da aka auna jinina sai a ce ALT ɗina yana daidai. Shin hantata lafiya take ke nan, in daina zuwa asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki daina zuwa, domin ALT shi kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba. ALT da AST sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin halittar hanta, waɗanda suke malalowa cikin jini idan ƙwayoyin sun ji rauni, saboda haka abin da suke nunawa shi ne kumburin da hantar ke ciki a lokacin da aka ɗebi jinin. Ba sa auna tabon da ya taru shekara da shekaru, har ma akan samu wanda hantarsa ta yi tauri amma ALT ɗinsa bai tashi ba. Shi kansa “daidai” ɗin ma akwai magana a kai, don ɗakunan gwaji da yawa suna sa iyakar a wajen 40, alhali jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ta ɗauki 30 ga maza, 19 ga mata.

Abin da nake so ki duba a takardarki shi ne adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, wato filatilet, waɗanda a mai lafiya suke tsakanin 150 da 450. Idan tabo ya yi yawa, jini yakan sha wahalar ratsa hanta, sai saifa ta kumbura ta riƙe ƙwayoyin nan, adadinsu ya faɗi. Da wannan adadin da AST ake fitar da lissafin APRI, wanda ake kimanta yawan tabon hanta da shi. Misali, idan AST ya kai 60, iyakarsa kuma 40, a raba 60 da 40, an samu 1.5, a raba shi da filatilet 120, a ninka da 100, sai a samu 1.25. A jagorar 2024, abin da ya haura 0.5 alama ce ta tabo mai yawa da ke buƙatar a fara magani, abin da ya haura 1 kuwa yana nuni ga taurin hanta. Sai dai zazzaɓin cizon sauro yakan sauke filatilet na ɗan lokaci, don haka a sake gwajin bayan an warke. Akwai kuma wani lissafin mai suna FIB-4 da ke haɗawa da shekarun mutum, da na'urar FibroScan mai auna taurin hantar ba tare da allura ba.

Gwaje-gwajen albumin (furotin da hanta ke samarwa) da bilirubin (sinadarin da ke sa ido ya yi ruwan ɗorawa) da INR (saurin daskarewar jini) su ne ke nuna ko hantar tana iya aikinta, amma sukan daɗe ba su canza ba, sai ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa nake damuwa da mai jiran idanunsa su yi ruwan ɗorawa kafin ya je asibiti.

Ki roƙi likitanki ya auna HBV DNA, wato yawan ƙwayar cutar a jini, domin idan ta haura 2,000 tare da ALT da ya wuce iyaka, akan fara magani irin su tenofovir ko entecavir. Idan kuma an tabbatar da taurin hanta, to hoton ciki duk bayan wata 6 ya zama dole, sau da yawa tare da gwajin jini na AFP, wani sinadari da kan ƙaru idan akwai kansar hanta, domin a gano kansar hanta tun tana ƙarama.