Zomo da Karnuka, da Maganar Jiran Na Baya

Ɗana, saƙonka ya iso tun ranar Talata, na bari ne sai na samu zama. Ka ce abu biyu sun dame ka a ƙungiyar gudun daji ta jami'arku a Birtaniya. Na farko sunan, Zomo da Karnuka, har mahaifiyarka ta ce ita ba ta haifi kare ba. Na biyu, ranar Asabar ka gama tsere, sanyi ya ci ka, ka wuce ɗakin sauya kaya, sai abokanka suka ɗaure maka fuska har kuka dawo, wai ba ka tsaya jiran na baya ba. Kana tambaya ko al'ada ce ko neman magana.

Al'ada ce, kuma tambayoyin naka biyu tushensu ɗaya.

Wasan a makarantun kwana na Ingila ya taso, wajen shekara ɗari biyu ke nan. Manyansu na farautar yanyawa a kan dawaki da garken karnuka, yara kuwa ba doki ba kare, sai suka mai da kansu duka biyun. Mutum biyu su fita da jakar yagaggen takarda suna watsawa a hanya, su ne zomaye. Bayan 'yan mintuna sauran su bi sawu, su ne karnuka. Zomo mai wayo yakan watsa takarda ta hanyar ƙarya, ya sa garke ya ɓata lokaci. A makarantar Shrewsbury har yau shugaban masu gudu sarkin farauta ake ce masa, yana da mataimaka biyu da ake kira masu bulala. A farautar asali aikin mai bulala shi ne ya hana kare ɓallewa daga garke. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Daga makarantu abin ya shiga gari. An kafa ƙungiyar Thames Hare and Hounds, wato Zomo da Karnuka ta Thames, a Landan a 1868. A 1876 aka yi gasar ƙasa ta farko a dajin Epping, 'yan tsere 32 suka fita, dukkansu suka ɓata hanya, aka soke gasar. Oxford da Cambridge suka fara karawa a 1880, kuma har yanzu a farkon Disamba suna haɗuwa a filin Wimbledon, inda sai an tsunduma cikin rafi kafin a wuce. To ka ga kare a wurinsu dabbar alfahari ce. Kai ma ka tuna mafarautan garinmu in rani ya yi, yadda mutum ke yi wa karensa kirari in ya kamo zomo. Ka gaya wa mahaifiyarka haka, ko da yake na san ba za ta saurara ba.

Yanzu maganar jira. Kai ka fito daga gudun fili, inda agogo ke hukunci, kowa tasa ta fisshe shi. A gudun daji matsayi ake ƙirgawa. Wanda ya zo na ɗaya maki ɗaya, na ashirin maki ashirin, a tara na mutanen kowace ƙungiya, mai ƙarancin maki ita ta ci. A ce mutum shida ake lissafawa. Ku kun zo na 1, 2, 3, 20, 25 da 30, jimla 81. Abokan hamayya ba su da ko gwani ɗaya, amma sun shigo a jere daga na 8 zuwa na 13, jimla 63. Sun cinye ku, da gwanayenku uku a tsaye suna kallo. Wanda ke can baya yana fama da taɓo, in ya wuce mutum biyu a mita ɗarin ƙarshe, maki biyu ya rage muku. Shi ya sa duk wanda ya gama yakan yafa riga ya koma bakin hanya yana kiran sunan ɗan'uwansa. Aikin mai bulala ke nan, ya zama na kowa. Da ka shige ɗaki, su a ganinsu ka bar aiki ne ba a gama ba.

Ni ma ba a littafi na koya ba. Shekarata ta farko a can, cikin Janairu, aka kai mu wata gona mai tudu, ruwa kamar da bakin ƙwarya. A zagaye na biyu taɓo ya cire mini takalmi ɗaya. Na duba gaba ban ga kowa namu ba, na ce ai ni ba a lissafa ni, na tsallake igiya na tafi abina. Ashe ɗaya daga cikinmu ya gurɗe ƙafa tun farko, ni ne na shida. Aka fitar da sakamako babu sunan ƙungiyarmu, don ba mu cika ba. Ba wanda ya ce mini uffan. Kyaftin ɗinmu ya miƙo mini kofin shayi da yankan kek, ya tambaye ni ko ƙafata lafiya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mota ta ɗauko mu, tafiyar awa biyu, ban ɗaga kai ba.

Kakar gudun taku ma yanzu ta soma. Oktoba wasa ne, sababbin shiga sun cika fili, ƙasa da sauran tauri, ana tseren ba-ni-in-ba-ka, wato na karɓa-karɓa, ana raha. Da an mai da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba sai ka ga an fara zamewa. Cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, atisaye cikin duhu, ranar Laraba da rana ne kawai za ku ga haske tunda jami'o'insu kan bar ta don wasanni, sai doguwar tafiyar Lahadi da safe. Waɗanda suka rage bayan hutun Kirsimeti su ne ƙungiya. Su za su je gasar jami'o'in Birtaniya a farkon Fabrairu, kuma zuwa Maris an tashi, kowa ya koma fili ko titi. A watannin nan mutum goma sha ne suka san wahalar juna, shi ya sa abin da kake gani ƙarami yake yi musu zafi.

Ba kuma duk al'adarsu za ka ɗauka ba. Shayi da kek bayan tsere ka zauna a sha da kai, nan ake sanin juna. In sun zarce mashaya da dare, kana da uzuri, kuma ban taɓa ganin wanda ya riƙe ni da wannan ba. Gajeren wando ma ba dole ba ne, ka sa dogo mai kama jiki a ƙarƙashi, da yawansu haka suke yi saboda sanyi. Azahar da La'asar suna matse juna a hunturu, ka yi alwala tun a gida, ka sallaci Azahar kafin a busa usur.

Asabar mai zuwa kada ka tsaya dogon ban haƙuri, ba su saba da shi ba. Ka ajiye babbar riga da busasshiyar safa kusa da layin gamawa, kana shigowa ka saka, ka koma kwanar ƙarshe ka buɗe murya. Ka sayi ƙusoshin takalmi masu milimita 12 ko 15, na filin da kake da su ba sa kama taɓo, kuma ka naɗe takalmin da salatif ta ƙarƙashin tafin ƙafa. In takardar sakamako ta fito ka turo mini ita duka, ina son ganin inda na shidanku ya tsaya. Innarka tana gaishe ka, ta ce ko yajin da ta aiko ya iso.