Zaren da za ka naɗa wa santafin idan salmon kake nema

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka sayi santafin, na'urar nan ta naɗa zaren fatsa, kana so ka fara bin salmon da ita a Kogin Vedder na nan Biritish Kolambiya ta Kanada a kakar bana, kana tambaya ko ka naɗa mata kitsattsen zaren da ka saba da shi tunda ya fi siranta ya kuma fi ƙarfi, ko kuwa fulorokabon tunda an ce kifi ba ya ganinsa. Ka kuma ce ka ga masu fatsa na lardin Ontariyo suna aiki da zare mai laba 8, wato nauyin da zai iya ɗauka kafin ya tsinke, shi ya sa kake mamakin ganin ina naɗa wa baƙin da muke kaiwa kogi mai laba 15 ko 20.

Nailan za ka naɗa. Amma ba na so ka karɓa don ni na faɗa, gara ka san dalili, domin wata rana za ka tsaya a wani kogin da ba na nan.

Ɗauki na'urar ka dube ta da kyau. Faifai ne kawai, faɗinsa inci 4.5 zuwa 5, yana juyawa a kan ƙusa ɗaya ta tsakiya. Babu giya, babu birki. In ka juya hannu sau ɗaya, faifai ya juya sau ɗaya. Masunta na Ingila da suka gyara ta a koguna irin su Trent, har kamfanin Allcock ya fitar da samfurin Aerial a 1896, abu ɗaya suke nema: ruwa da kansa ya riƙa jan zare daga faifai, ƙoto ya tafi daidai da gudun kogi, ba sauri ba nawa, kamar ba a ɗaure yake ba. Salmon da ya shigo kogi daga teku ya riga ya bar cin abinci, abin da yake kai wa cafka kaɗan ne, kuma ƙwan kifi ko ulun da ya zo masa a karkace yana jan ruwa, kaucewa zai yi ya bar shi ya wuce. Duk zaren da zai ɓata wannan tafiya ba naka ba ne, kome sunan da ke jikin kwalinsa.

To, tsakanin bakin sandarka da fulot, ɗan abin nan mai iyo a kan ruwa da ke ɗauke da ƙoto, akwai zare yadi 20, ko 30, wani lokaci har 40, kwance a kan ruwa. Kogi kuwa ba gudu ɗaya yake yi ba. Na gindin ƙafarka yana tafiya a hankali, na tsakiya yana zuba sauri, bayan dutse ma komawa baya yake yi. Nan da nan zare zai lanƙwashe, ya fara jan fulot gefe. Aikinka shi ne ka ɗaga doguwar sandar nan, ka ɗauke zaren daga fuskar ruwa, ka ajiye shi a bayan fulot ba tare da fulot ya motsa ba. Wannan ba ya yiwuwa sai in zaren a sama yake. Nan fulorokabon ya faɗi. Nauyinsa ya kai kusan ninki 1.8 na nauyin ruwa, na nailan kuwa bai wuce 1.15 ba, shi ya sa nailan ke iya kwanciya a fuskar ruwa ya daɗe, fulorokabon kuma ya nutse. Zaren da ya nutse, in ka zo ɗaga shi sai ya taho da fulot gaba ɗaya, in kifi ya ja kuma ka fizga, ƙarfinka a yaga ruwa zai ƙare kafin ya kai ga ƙugiya. Ga shi da tauri, ba ya sauka daga faifai sumul, ga tsada. Yana da wurinsa, zan zo kansa, amma ba a kan faifai ba.

Kitsattsen zare fa? Gaskiya ne ya fi kowanne iyo, domin abin da ake kitsa shi da shi bai kai ruwa nauyi ba. Akwai kuma ƙwararrun da ke amfani da shi idan suna sakin fulot nesa ƙwarai, saboda fizga ɗaya take isa ƙugiya. Ban ce ba su san aiki ba. Amma kai tuna cewa a santafin hannunka ne birki. Idan shinuk, babban nau'in salmon, mai laba 20 ya ɗauki ƙoto ya juya ya bi ruwa, faifai zai yi ta gudu, kai kuma da yatsa ko tafin hannu za ka danna gefensa. Hannun mutum ba ya danna daidai wa daida. Ka matsa ya yi yawa na ƙiftawar ido, ka saki ya yi yawa na ƙiftawar ido. Nailan yana miƙewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke, wannan miƙewar ita ce shokazobar da ke shanye kuskuren hannunka da girgizar kan kifi. Kitsattse kusan ba ya miƙewa ko kaɗan. Duk fizgar da kifi ya yi, kai tsaye take sauka a kan ƙulli da siririn zaren ƙugiya da leɓen kifin, ɗaya daga cikinsu kuma sai ya saki.

Ƙara da dokar nan ta Biritish Kolambiya: a duk rafi da kogi, ƙugiya ɗaya ake sawa, kuma marar ƙayar nan ta baya da ke hana ta zamewa. Irin wannan ƙugiya ba abin da ke riƙe ta a bakin kifi sai ɗaurewar zare. Koho, wani nau'in salmon, ya yi tsalle ya girgiza kai, ko ya yi ta birgima yadda ya saba, in zaren ya yi sako-sako na daƙiƙa guda, shi ke nan ya tofar. Nailan da ya miƙe yana dawowa a hankali, yana riƙe da ɗaurin. Kitsattse ko dai a ɗaure tam ko a sake sarai.

Sauran aibobinsa ƙanana ne amma suna ɓata rana. Yana yanka yatsa idan ka riƙe shi kifi na gudu. Saboda sirantarsa, bayan ka yi kokawa da babban kifi yakan nutse cikin naɗin da ke ƙarƙashinsa, jifa na gaba sai faifai ya riƙa tsayawa yana cijewa, tafiyar fulot ta lalace. In iska ta harɗe shi, sai wuƙa. Dutse mai kaifi yana cin sa da sauri in yana ɗaure. Idan kuma ka zarce har hunturu wajen neman sitilhed, kifin nan ɗan'uwan salmon, ruwan da ya shiga tsakanin kitson yana daskarewa, zaren ya manne a faifai.

Yanzu batun ƙarfi, inda mutanen Ontariyo suka rikita ka. Ba su yi kuskure ba, kogunansu ne daban. Yawancin rafukan da ke zuba cikin manyan tafkunan can, irin su Ganaraska da Credit, ƙanana ne, fulot ɗinsu giram 4 zuwa 8, kifin da suka fi nema da santafin kuma sitilhed ne. Su ma idan shinuk ya shigo a Satumba suna hawa zuwa laba 12 ko 15. Mu nan ruwan daga duwatsu yake gangarowa da ƙarfi, muna jefa fulot mai giram 20 zuwa 30 da dalma daidai da shi, ƙasan kogin duwatsu ne da gungumen itatuwa. Zare mai laba 8 ko jifan wannan nauyi ba zai daɗe yana ɗauka ba.

Ga yadda nake yi. Idan koho nake nema, wanda yawanci bai wuce laba 5 zuwa 12 ba, laba 15 a faifai ya isa har da saura. Idan gurbin cike yake da shinuk, ko salmon nau'in cam sun shigo a ƙarshen Oktoba da haƙoransu da taurin kansu, laba 20. Tunda na'ura ɗaya gare ka, kuma a Vedder ba ka zaɓen wanda zai ɗauki ƙotonka, sa 15 mai kauri. Na ce mai kauri da gangan. Lambar laba da ke jikin kwali kowane kamfani da yadda yake auna tasa, ka duba kaurin zaren. Maxima Ultragreen, wanda mutanen kogin nan suka daɗe suna amfani da shi, mai laba 15 nasa kusan milimita 0.37 ne, wani kamfanin kuma zai rubuta 15 a kan zaren da bai wuce 0.30 ba. Na biyun zai fi sauka daga faifai da daɗi, amma na farkon ne zai goga dutse ya fito da rai. Kada kuma ka ce bari ka sa 25 ko 30 ka huta. Zare mai kauri da yawa yana riƙe siffar naɗi, iska na kama shi, ruwa na jan sa, ƙaramin fulot ba ya iya janyo shi daga faifai.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na son siririn zare, kuma shi ya fi damuna. A wannan kogi, kohon da aka yanke wa ɗan fiffiken baya na kusa da wutsiya, alamar daga gidan ƙyanƙyasa ya fito, shi ake ɗauka idan dokar shekarar ta ba da dama. Na daji sakinsa ake yi. Mai siririn zare tsoron tsinkewa ke sa shi ya yi ta wasa da kifi har ya galabaita, ya sake shi yana jirkicewa. Kifin nan ya baro teku, ya hau Kogin Fireza, ya shigo nan don ya zuba ƙwai. In za ka sake shi, kawo shi da wuri ka sake shi da ƙarfinsa.

Wurin fulorokabon shi ne ƙasa. Babban zare ya ratsa fulot, ya ɗauki dalma, ya ƙare a suwibul, ɗan ƙarfen nan mai juyawa. Daga suwibul zuwa ƙugiya, tsawon ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, nan kake son zare mai nutsewa, mai wuyar gani, mai jure haƙori. Dole kuma ya gaza na sama ƙarfi. In na faifai 15 ne, na ƙugiya 10 ko 12, har 8 idan ruwa ya janye ya yi garau koho suna ɗari-ɗari. In na faifai 20 ne, na ƙugiya 15. Ƙugiya za ta maƙale a dutse, wannan ba makawa, in ka ja kuma kana so ya tsinke a ƙasa, ka rasa ƙugiya kaɗai. In ka juya lissafin, fulot da dalma da yadi 20 na zare za ka bar wa kogi. Jiƙa kowane ƙulli da miyau kafin ka ja shi, musamman na fulorokabon, domin zafin gogayya yana raunana shi tun kafin ya ga ruwa.

Launi ba babban abu ba ne. Mai haske, ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, zai taimake ka yanzu da kake koyo, ka ga inda zare ya lanƙwashe, maƙwabtanka ma su gan shi, domin ka san yadda bakin Vedder ke cika a Oktoba, kafaɗa da kafaɗa. In ka sa shi, ƙulla ƙafa 5 ko 6 na marar launi daga fulot zuwa ƙasa.

Wajen naɗi mutane da yawa ke ɓata zare mai kyau. Kada ka cika faifai da nailan tun daga gindi. Fara da zaren shimfiɗa na Dacron mai laba 30, irin na masu fatsa da ƙoto mai siffar ƙuda, har ya cike wajen rabin zurfin faifan ko fiye. Nailan da aka naɗa a miƙe yana ƙoƙarin komawa yadda yake, yana matse faifai, Dacron ne ke ɗauke wannan matsi, kuma shi ne ajiyarka ranar da shinuk ya ce sai ya koma Fireza. A kansa ka naɗa yadi 150 zuwa 200 na nailan, ka tsaya saura kamar milimita 3 ya kai baki. In ka cika shi fal, zare zai riƙa zubowa ta gefe yana shiga bayan faifai. Soka fensir a tsakiyar kwarkwaron da zaren ya zo a kai, wani ya riƙe maka, ya riƙa juyawa yana sakin zare kai tsaye. In ka ajiye shi a ƙasa zare na fita ta gefe, da murɗiya za ka fara tun ba ka je kogi ba. Riƙe zaren da jiƙaƙƙen tsumma ya shiga a ɗaure, kana kai shi dama da hagu ya kwanta daidai.

Murɗiya za ta zo duk da haka idan jifan gefe kake yi, wanda zare ke zamewa ta gefen faifai, domin kowane zagaye da ya fita murɗa ɗaya ce. Koyi jifan da faifai ke juyawa da kansa, irin na Wallis ko lilon da mutanen nan ke yi da dalma mai nauyi. Kafin hannunka ya faɗa, duk ranar da ka ga zare yana nannaɗe bakin sanda, yanke fulot da dalma da komai, saki zaren tsirara ya bi ruwa yadi 50, bar shi ya ɗan jima, sannan ka naɗo shi ta tsakanin yatsu biyu. Bayan kowane kifi kuma, ko duk lokacin da ka ji ya goga dutse, bi yadi biyu ko uku na ƙarshe da yatsa, in ka ji kaushi yanke ka sake ƙulli, guntun kuma ka sa a aljihu, kada tsuntsu ya harɗe a ciki. Rana tana cin nailan, saboda haka kada ka bar na'urar a gaban gilashin mota, kuma kowace kaka ka sauke tsohon ka naɗa sabo. Dacron ɗin ƙasa shi zai yi maka shekaru, in dai kana barin sa ya bushe.