Maman biyu, kar ki yi saurin raba musu makaranta

Maman biyu wallahi tambayarki ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Kin ce Hassana ce kullum ake kira karɓar kyauta, Usaina da karatu bai zauna mata ba sai tafi kawai, har ta fara ƙin saka yunifom da safe, kina tunanin ko ki raba musu makaranta.

Ni nawa yaron sikila ce da shi, kuma kin san jarabawar zangon farko a Disamba take faɗowa, daidai lokacin da sanyin hunturu ke tayar musu da ciwo. Yana aji biyu muka kwanta asibiti ana ta ƙarin ruwa, aka yi tes babu shi, malamar ajinsu ta zuba masa sifili. Da hannuna na kai mata takardar asibiti, ko karɓa ba ta yi ba, wai in ta sake masa sai ta sake wa kowa. Ranar hutu a asambule aka ba na ɗaya zuwa na uku jaka da littattafai, sai matar nan ta ce a tafa wa wanda ya riƙe wa aji wutsiya, yara suka kwashe da dariya, yaron da ko tsayuwa da ƙyar yake yi, bayan hannunsa duk tabon allura. Da ya dawo a bayan ƙofa na same shi ya cusa katin sakamakon cikin safa. Har yau in na hango matar nan a hanya zuciyata tafasa take, Allah ya isa. A ƙasar da ake haifar masu sikila kusan 150,000 duk shekara a ce malama ba ta san wannan ba?

Ki tsallake malamar aji ki je wajen shugaban makaranta kai tsaye. Ni a taron PTA na tashi na ce a dinga gwada yaro da sakamakonsa na zangon baya, wanda ya tashi daga 30 ya kai 50 ai ya fi na ɗaya shan wahala, iyaye da yawa suka mara min baya aka ƙara kyautar ci gaba da ta tsafta. Kuma dan Allah ki kai Usaina a duba mata ido da kunne, wani yaron allo ne ba ya gani ake ce masa daƙiƙi.

Kar ki hana Hassana murnarta, guminta ne. Kar kuma ki siyo wa Usaina kyauta haka kawai, yara suna ganewa, ki nemo abin da ta iya da gaske, ko hadda ko zane, ki ba ta a kansa a gaban babansu. Ki kuma ja kunnen 'yan gida masu tambayar ke ta nawa kika zo, su ma suna ƙara wa abin wuta.