Ƙanena, kada ka ajiye gogen nan saboda Norway

Wa alaikumus salam ƙanena, ya gida, ya su Hajiya, ya zafin Kano? Naga saƙonka tun ranar Laraba, aiki ne ya sha min kai sai yau Asabar na samu na zauna. Kace ka gama digiri kana so kazo Norway karatun kiɗa, shekara huɗu kenan kana haɗa kiɗa a situdiyo, goge kuma tun kana yaro ka koya a hannun kawunka, amma wani yace maka Turawa ba ruwansu da irin wannan, gara ka rataye gogen ka koma fiyano kacokan kafin ka nemi makaranta. Sannan ka tambaya wai shin 'yan Norway ɗin ma suna da kiɗan kansu kuwa, ko duk na Amurka suke ji.

Toh wanda ya faɗa maka haka wallahi bai san ƙasar nan ba. Ni ba makaɗi bane ka sani, amma na daɗe a Bergen kuma garin nan ko baka so sai ka san tarihin kiɗansu, don duk lungun da ka shiga akwai mutum-mutumin wani makaɗi a tsaye ruwan sama na dukansa.

Shekarata ta biyu da zuwa wani abokin aikina ya gayyace ni ɗaurin aurensa a wani ƙauye can wajen Hardanger. Ina tsaye ina rawar sanyi cikin babbar riga sai ga ayarin ango da amarya sun taho a ƙasa, a gabansu wani dattijo yana tafe yana goga wani abu kamar gogen Turawa da muka saba gani a talabijin, amma an yi masa ado da zane-zane, kan sa an sassaƙa shi kamar kan zaki. Sautin ne ya tsayar dani. Mutum ɗaya ke gogawa amma sai kaji kamar su biyu ne ko uku, akwai wani amo da ke bin bayan kiɗan yana gunji baya yankewa, tsigar jikina ta tashi, na rantse sai da na tuna gogen da muke laɓewa mu saurara muna yara ana korar mu. Bayan an ci abinci na matsa kusa dashi ya nuna min. Tsirkiya huɗu ce a sama wadda ake gogawa, sai wasu huɗu ko biyar a ƙarƙashinsu waɗanda ba a taɓa su ko kaɗan, su da kansu suke amsawa idan na sama sun yi kuka. Sunansa hardingfele, kuma mafi tsufan da ake dashi an rubuta 1651 a jikinsa.

Abinda zai baka mamaki shine wannan gogen nasu ya sha irin wulaƙancin da namu ke sha. A ƙarni na 19 an yi wata guguwar wa'azi a ƙauyukansu, masu wa'azin coci suka ce kayan shaiɗan ne, shi ke tara giya da rawa da faɗa a wajen biki, har akwai wani kiɗa da suke cewa wai shaiɗan ne da kansa ya fara goga shi. Makaɗa da yawa suka tuba suka daina, wasu suka ƙona gogensu da hannunsu, kiɗe-kiɗe masu yawa suka bi su kabari don ba a rubuce suke ba, daga kunne zuwa kunne ake koyo kamar dai yadda ka koya wajen kawu. Kaga ashe ba mu kaɗai muka iya cewa ɗan goge ba ya shiga sahun mutanen kirki ba.

Su kuma 'yan birni a lokacin kunyar abin suke ji. Norway tayi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin Denmark har 1814, daga nan aka haɗa ta da Sweden sai 1905 ta tsaya da ƙafarta, saboda haka mai kuɗi a birni in zai ji kiɗa sai na Jamus ko Italiya, na ƙauye kuwa na talakawa ne masu warin awaki. Wanda ya fara juya lamarin shine Ole Bull, haifaffen Bergen a 1810, gwanin goge ne da ya zaga Turai da Amurka yana tara kuɗi da suna, mutum ne mai rawar kai sosai, har gari ya je ya kafa a Amurka a 1852 abin ya wargaje masa. Amma shi ne ya ɗauko wani baƙauyen makaɗi daga Telemark da ake kira Myllarguten, wato yaron mai niƙa, ya ɗora shi a kan dandamali a babban birni a 1849 gaban manyan gari da matansu. Ka ɗauka kamar a ɗauko mai goge daga tashar mota a zaunar dashi gaban sarakuna ace kowa yayi shiru ya saurara. Shi Myllarguten ɗin dai da talaucinsa ya mutu a 1872, wannan ɓangaren basu cika son faɗa ba.

Ole Bull ne kuma yaga wani yaro ɗan shekara 15 a Bergen yace wa iyayensa su tura shi Leipzig ta Jamus karatun kiɗa, a 1858. Yaron shine Edvard Grieg, wanda har yau in ance kiɗan Norway shi ake fara kira. Nan nake so ka buɗe kunne da kyau. Grieg yaje Jamus ya koyi duk ƙa'idar Turawa, rubutun kiɗa da fiyano da komai, ya dawo yana rubuta abu irin na malamansa, babu wanda zai bambanta shi da ɗaruruwan ɗaliban da suka fito daga can. Sai da ya haɗu da wani matashi Rikard Nordraak, wanda ya yi kiɗan taken ƙasarsu ya kuma rasu yana da shekara 23 kacal, shi ya zuga shi ya waiwayi gida. Akwai kuma wani mai kaɗa ogan na coci, wato babban fiyanon nan mai aiki da iska, Ludvig Lindeman da ya riga ya bi tsaunuka da ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin tsofaffi, Grieg ya dinga ɗiba daga nan. Da kayan ƙauyen nan ya fita daban, kiɗan da yayi wa wasan kwaikwayon marubucinsu Ibsen, wanda aka fara nunawa a 1876, na tabbata ka taɓa jinsa a katun ko talla baka san nasa bane. Can da ya tsufa wani tsohon mai hardingfele Knut Dahle ya dinga rubuto masa wasiƙa yana cewa a zo a rubuta kiɗan nan kafin in mutu dasu, aka sa Johan Halvorsen ya zauna dashi a 1901 ya rubuta guda 17, Grieg ya maida su na fiyano. Masu gogen gargajiya har yau suna cewa takarda bata kama ainihin tafiyar kiɗan ba, don rawarsu ta springar bugunta uku ne amma ba tsawonsu ɗaya ba, wani ya fi wani, kai da ka saba da kalangu zaka gane wannan cikin minti biyu.

Gidansa Troldhaugen yana nan bayan gari, in kazo zan kai ka. Abinda ya burge ni ba gidan bane, wata 'yar bukka ce ja a bakin ruwa, tebur ɗaya da fiyano da murhu, nan yake kulle kansa yayi aiki. Ya rasu 1907, kabarinsa a jikin dutse yake shi da matarsa Nina. Gaskiya ni dai farkon zuwana kiɗan nasa barci yake sani, sai a hankali.

Akwai kuma mutanen Sami a can arewa, masu kiwon wata irin barewa kamar yadda Fulani ke bin shanu. Waƙarsu joik sunanta, kuma da aka min bayaninta nace ai wannan take ne. Kowane mutum yana iya samun joik ɗinsa, dutse ma da dabba suna da nasu, kuma basa cewa kayi waƙa a kan wane, cewa suke ka yi joik ɗin wane, kamar ka kira shi ya bayyana, yadda in an buga taken mutum a kalangu ko yana cikin ɗaki sai ya zabura. Su ma an ce musu zunubi ne, an hana a makarantu, an tilasta wa yaransu barin yarensu, har sai da Sarki Harald ya basu haƙuri a 1997. Mawaƙiyarsu Mari Boine a irin gidan da ake ƙyamar joik ta taso, faifanta na 1989 ne ya kai ta duniya. Ka neme ta a YouTube daren nan.

Sauran kuma zan bi da sauri. Jaz ɗinsu yayi suna tun wajen 1970 da su Jan Garbarek, shima daga baya waƙoƙin makiyaya da na ƙauye ya dinga cusawa a ciki, bikin jaz na Molde kuwa tun 1961 ake yi. A 1985 ƙungiyar mawaƙan a-ha suka hau lamba ɗaya a Amurka. Gasar Eurovision sun ci sau uku, 1985 da 1995 da 2009, sun kuma zo na ƙarshe sau da yawa har abin ya zama abin tsokana. Sai wasu samari masu shafa fenti a fuska suna ihu da jita, black metal, waɗanda a farkon shekarun 1990 abinsu ya kai ga ƙona coci-coci da kisan kai, cocin katako na Fantoft da aka ƙona a 1992 yana nan kusa da inda ɗalibai baƙi ke zama, an sake gina shi. Wannan kam kunnena ya ƙi, kada ka tambaye ni. Yaran yanzu kuma su Kygo da Aurora da Karpe suke ji, kuma akwai 'ya'yan Afirka a ciki, Madcon, Nico & Vinz wanda ɗayansu iyayensa 'yan Ghana ne, da Stella Mwangi 'yar asalin Kenya da ta wakilce su a Eurovision 2011. Wanda yafi shafarka shine faifan da aka yi a 1997 inda mawaƙiyar gargajiya Kirsten Bråten Berg ta Setesdal ta zauna da Solo Cissokho ɗan Senegal mai kaɗa kora, wani irin molo mai tsirkiya da yawa, da Kouame Sereba ɗan Kwaddibuwa. Ba fiyano suka nema wajen Solo ba, kiɗan kora ɗinsa suka nema.

Amma kada in yi maka daɗin baki kazo ka zage ni. Mutanen nan da kiɗa suke tashi. Ƙungiyar makaɗan Bergen, Harmonien, tun 1765 take, ta Oslo 1919, kowace ƙaramar hukuma dole ta samar da makarantar koyon kiɗa ta yara, kuma makarantun firamare da yawa suna da 'yan badujala nasu. 'Yata tun tana shekara takwas take busa ƙaho a irin wannan, ranar 17 ga Mayu, ranar bikin ƙasarsu, da asuba muke tashi a goge mata yunifom su zaga gari suna busa ko ana ruwa, mu iyaye kuma mu ne masu soya waina irin tasu da sayar da gwanjo don tara kuɗin ƙungiya, in ka ƙi zuwa ba mai maka magana amma zaka ga kallo. Toh da irin waɗannan yaran zaka yi takara in kace fiyano ko kiɗan gargajiyar Turawa zaka nema a babbar makarantar kiɗa ta Oslo ko Griegakademiet a nan Bergen, kuma ba takarda kawai suke dubawa ba, sai ka kaɗa sun ji. Mai shekara biyu a fiyano ba zai kai labari ba, wannan gaskiya ce. Fiyanon ka ci gaba da koya, rubutun kiɗa kuma ka iya karanta shi dole, amma a matsayin kayan aiki.

Inda nake ganin kana da ƙofa shine digiri na biyu, ko dai fasahar haɗa sauti tunda kana da ƙwarewar situdiyo, jami'ar NTNU a Trondheim suna yi kuma can ne sashen jaz ɗinsu da ya shahara tun 1979, ko nazarin kiɗa a jami'ar Oslo, ko Rauland a Telemark inda ake karantar da kiɗan gargajiya, garin da Myllarguten ya ƙare rayuwarsa. Ka shiga shafin kowacce ka duba da wane yare ake koyarwa, don digirin farko yawanci da yarensu ne.

Sai maganar kuɗi wadda ita ce giwar. Labarin karatu kyauta a Norway ya ƙare ga irinmu tun 2023, yanzu wanda ba ɗan Turai ba sai ya biya, kuma ba kaɗan ba. Bayan haka hukumar shige da fice UDI sai ka nuna mata kuɗin zamanka na shekara, ya haura kroner 150,000 kuma ƙaruwa yake duk shekara, ka buga a naira kasha ruwa tukunna. Aiki awa 20 a sati aka yarda ɗalibi yayi, zai biya maka ɗaki da abinci da ƙyar amma ba kuɗin makaranta ba. Duk wani ejan da yace ka turo kuɗi zai samo maka gurbi ɓarawo ne, da kanka ake nema ta intanet. Kuma kada ka bari Hajiya ta sayar da gonar nan, na faɗa maka.

Yanzu abinda zaka yi, ka ɗauki bidiyo uku masu kyau, ɗaya kai kaɗai da goge ba wani ado, ɗaya da mai kalangu ko ƙwarya, ɗaya kuma wanda ka haɗa gogen da aikinka na situdiyo, ka zauna da kawu ka rubuta sunan kowane kiɗa da na wa ake yi wa da lokacin da ake yinsa tun yana da rai da lafiya. Ka turo min ta WhatsApp, malamin su 'yata yana da abokai masu hardingfele zan nuna musu muji me zasu ce. In Allah yasa tafiyar ta tabbata ka taho da izga da ƙaro na ajiya, ɗakunan nan hita ke busar dasu lokacin sanyi ƙwarya na iya tsagewa, sannan ka bincika maganar fatar da aka rufa gogen da ita, in ta guza ce ko damo kwastan na iya neman takarda. Kilishi kam kada ma ka soma, ƙwacewa zasu yi, yaji da kuka dai ka cika min jaka. Ka gaida Hajiya da kawu.