Launin Ƙofar Gida: Abin da Yake Nufi a Bakin Teku, da Wanda Ya Dace da Bakin Kogi

Wani magidanci daga Yauri ya aiko mana: "Assalamu alaikum. Na gama ginin gidana kusa da bakin ruwa, saura fentin ƙofa. Ɗana ya nuna mini hotunan ƙauyukan masunta na bakin teku, yawancin ƙofofinsu shuɗaye, ya ce kowane launi da ma'anarsa. Gaskiya ne? In bi sahunsu?"

Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya alheri. Yaronka ya faɗi gaskiya, sai dai kowane gari da nasa dalilin. A Sidi Bu Sa'id da ke Tunisiya, a gaɓar Bahar Rum, farin bango da shuɗiyar ƙofa sun samu gindin zama ne tun daga dokar kare fasalin garin ta 1915. A tsibirin Burano na Italiya gidajen ne gaba ɗaya launi-launi, ana cewa don masunci ya hango nasa daga cikin jirgi idan hazo ya rufe, kuma har yau sai mutum ya nemi izinin hukuma kafin ya sauya launi. A Girinland, zamanin mulkin mallakar Denmak, launin gini ne ke faɗin aikinsa: ja coci da kantuna, rawaya asibiti, baƙi ofishin 'yan sanda, shuɗi wurin sarrafa kifi. A wasu garuruwan kuma ragowar fentin jirgi ce kawai ake ƙarasawa a ƙofa. Akwai masu cewa shuɗi na kore kambun baka, amma tsatsa da ruɓa kaɗai fenti ke tarewa.

A Yauri ba wanda zai yi wa ƙofarka wannan fassara. Iyakar abin lura shi ne, kore mai haske da farin bango kan sa baƙo ya zaci masallaci ne ko Islamiyya, haɗa launukan wata jam'iyya kuma na iya jawo maka magana lokacin zaɓe. Amfanin da za ka ɗauka daga masuntan can shi ne na kwatance. A unguwar da gidaje ba su da lamba, "gida mai shuɗiyar ƙofa" ya ishi ɗan acaɓa, don haka ka duba na maƙwabta ka zaɓi wanda ya bambanta.

Sannan ka duba inda ƙofar ke kallo. Idan yamma take kallo, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, baƙar ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da la'asar, tana iya ƙona tafin yaro. Ja ya fi saurin koɗewa a rana. Fari yana tona dattin hannu da zubar tsatsa, launuka masu duhu kuma suna tona ƙurar hunturu. Mu dai shuɗi matsakaici ko ruwan toka muke ba ka shawara.

Wani ɗan kasuwa daga Bagudo ya ce: "Bara na yi wa ƙofar ƙarfe fenti, damina ɗaya ta kumbura ta fara ɓarewa daga ƙasa. Mai shago ya ce in sayi fentin jirgin ruwa mai tsada. Ya zama dole?"

Alhaji, riƙe kuɗinka. An yi wancan fentin ne don ruwan gishiri, Kogin Neja kuwa ruwan daɗi ne. Kumburin da ka gani alama ce an shafa fenti a kan tsatsa ko maiƙo, sai tsatsar ta ci gaba da cin ƙarfen daga ciki tana ɗaga fentin.

A cire ƙyauren a kwantar da shi in zai yiwu. A kankare da burushin ƙarfe, a bi da samfefa mai kaushi, lamba 80, sannan mai laushi, lamba 120, har ƙarfe ya fito fes a duk inda ya yi tsatsa. A goge da tsumma mai tina, wato ruwan tsinka fenti, a bar shi ya bushe. A ranar, kada a kwana, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda ke fara sawa. Wanda ƙofa ke zuwa da shi daga wajen mai walda sau da yawa an tsinka shi ya zama ruwa-ruwa, kada ka dogara da shi. A cusa burushi sosai a wuraren walda da lanƙwasar ƙasan ƙyaure da gefen da ke kallon dokin ƙofa, domin nan ruwa ke kwana, nan ne kuma masu fenti suka fi tsallakewa tunda ido ba ya kaiwa.

Washegari a yi shafin farko na fentin mai, a jira awa 16 zuwa 24, a yi na biyu. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda samansa ke bushewa cikinsa na ɗanye har ya yamutse. Fentin ruwa na bango ba na ƙarfe ba ne. Kada tina ta wuce kashi ɗaya cikin goma, kuma ka hana a tsinka da kananzir, yana jinkirta bushewa yana kashe sheƙi.

Lita ɗaya ta fentin mai tana rufe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya. Ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsawon mita 2.1, ciki da waje, shafi biyu, lita ɗaya ta isa. Babban get na mota zai ci kusan galan mai lita 4. Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin ƙura ta yi ƙarfi, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Idan ruwa na kwanciya a ƙofar gidanka cikin Agusta da Satumba, sai an ɗaga dokin ƙofar da siminti, in ba haka ba baɗi ma za ka sake.

Wata uwargida daga Anka ta tambaya: "Tsohuwar ƙofarmu mai ruwan ɗorawa tana ɓarewa, yara na tsintar ɓawon. In sa a kankare?"

Hajiya, a fara da hana yaran tun yau. Tsofaffin fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, wasunsu na ɗauke da dalma. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san ɓarnar gubar dalma tun 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ta fenti ma haka take shiga jiki, ta baki da numfashi, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Kada a goge shi a bushe, kada a babbake shi da wuta. A fitar da yara da mai juna biyu, a shimfiɗa leda a ƙasa, a riƙa yayyafa ruwa ana kankarewa, a naɗe ɓawon a ledar a kai shi inda yara da dabbobi ba sa zuwa, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Mai aikin ya rufe hanci, ya wanke hannu kafin cin abinci. Wajen sayen sabo, a karanta jikin gwangwanin a nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma. Idan kuma kin taɓa ganin wani cikin yaran yana taunar ɓawon, a kai shi asibiti a nemi gwajin jini.